Agabe a Tukunya: Tsiron da Ya Fi Tsoron Damina da Bazara

A tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Jega da Aliero da Maiyama, ba kowane tsiron ado ke kai labari ba. Furannin da aka jera a baranda sukan yi yaushi tun kafin azahar, ga shi kuma ruwan da za a ba su sai an saya a hannun 'yan ga-ruwa. A irin wannan lokaci ne ake sanin darajar agabe, wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya a baki, wanda zai yi mako biyu ba a waiwaye shi ba amma yana nan garau. Abin mamaki shi ne, tsiron da ya ƙetare bazara lafiya sau da yawa a watan Agusta yake mutuwa. Ganyayensa na ƙasa su fara yin ruwan ɗorawa, gindinsa ya yi taushi, wata rana a taɓa tsakiyarsa ta zare gaba ɗaya tana wari. Mai shi yakan zaci wata cuta ce ta faɗo masa, alhali ruwa ne ya yi masa yawa, kuma ba mamaki da hannunsa ya ƙara masa.

Ba za a gane dalilin haka ba sai an san inda tsiron ya fito da yadda jikinsa ke aiki, domin duk ƙa'idojin kula da shi daga nan suka samo tushe.

Asalinsa da danginsa

Agabe baƙo ne a Afirka. Asalinsa nahiyar Amurka ce, musamman ƙasar Meziko, inda ake samun mafi yawa daga cikin ire-irensa kimanin 200. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa suna Agave a 1753, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abu mai daraja. Wasu ire-irensa manya ne ƙwarai. Ganyen Agave americana, alal misali, yakan kusan kai mita 2. Wasu kuwa ƙanana ne da za su ƙare rayuwarsu a cikin tukunya. Wanda ya fi shahara a cikin ƙananan shi ne Agave victoriae-reginae, wanda Thomas Moore ya sa wa sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1875. Yana fitowa a kan duwatsun hamadar Cihuwawa a arewacin Meziko, faɗinsa ba ya cika wuce santimita 50 ba, ganyayensa gajeru ne masu fararen layuka kamar an zana da alli, sun dunƙule wuri guda kamar ƙwallo. Agave parviflora ya ma fi shi ƙanƙanta.

A nan akwai abin lura ga mai saye. Ɗan tsiron da aka gani a leda wurin masu sayar da dashe ba lalle ne ƙaramin iri ba ne, yana iya zama jaririn babban iri. Agave americana da Agave angustifolia, waɗanda suka fi yawa a lambunan ado na ƙasashe masu zafi, dukansu suna farawa ne da girman tafin hannu. Tukunya takan danne girmansu na wasu shekaru, amma daga ƙarshe sai an nema musu fili. Mai hikima yakan nemi a nuna masa uwar da aka ciro ɗan daga gindinta.

Manomin Aliero, garin da sunansa ya tafi tare da albasa, zai yi mamakin jin cewa agabe ɗan'uwan albasa ne na nesa. Masana sun sa su a babban rukuni guda mai suna Asparagales, tare da tafarnuwa da alobera da moda. Dangantakar ba ta tsaya a littafi ba. Kamar albasa, agabe yana da gajeren kara da ke ɓoye a gindi, ganyaye suna fitowa daga tsakiya suna kewaye juna, saiwoyinsa kuma sirara ne da ba sa nitsewa ƙasa da nisa. Wanda ya san halin albasa ya riga ya san rabin halin agabe.

Sai dai kamar da ta fi haɗari ita ce wadda ke tsakaninsa da alobera da 'yar'uwarta ta daji, kabar giwa. Mutane da yawa suna shafa ruwan alobera a fata, kuma idan aka yi kuskure aka yanko agabe a maimakonta, sakamakon ba daɗi. Ruwan ganyen agabe yana ɗauke da wasu ƙananan lu'ulu'u masu tsini kamar allura, na sinadarin kalsiyam okzalet, waɗanda ke soke fata su jawo ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa. Bambance su ba shi da wuya. Idan aka karya ganyen alobera yakan ɓalle tsaf, cikinsa da yauƙi mai haske. Na agabe kuwa ba ya ɓallewa, domin cike yake da zare mai ƙarfi, kuma a bakinsa akwai ƙaya guda, baƙa ko ja, mai tauri kamar basilla. Wannan ƙaya ita ce dalilin da ya sa ba a ajiye tukunyar a daidai tsayin idon yara. A gidan da ke da ƙananan yara gara a datse tsinin da almakashi, ba abin da zai rage wa tsiron sai ado.

Tsiron da ke numfashi da dare

Kowane ɗalibin ilmin halittu ya san cewa ganye yana haɗa abinci ne daga iskar kabon dayoksaid da ruwa, da taimakon hasken rana. Iskar tana shiga ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani a jikin ganye. Matsalar ita ce, ƙofar da iska ta shiga ta nan tururin ruwa ke fita. Tsiro irin su shinkafa da wake da tumatir suna buɗe ƙofofin da rana, a lokacin da iska ta fi bushewa, don haka asararsu babba ce: kimanin giram 400 zuwa 500 na ruwa a kan kowane giram guda na iskar kabon da suka kama. Gero da dawa da masara suna da wata dabara da ta rage asarar zuwa kimanin giram 250 zuwa 300, wanda yana cikin dalilan da suka sa gero ke yi a jigawa.

Agabe ya bi wata hanya daban. Da rana yana rufe ƙofofinsa. Sai dare ya yi, iska ta huce ta kuma ɗan yi laima, sannan ya buɗe su ya ɗebi iskar kabon. To amma da dare babu hasken da zai haɗa abinci, saboda haka sai ya mayar da iskar wani ruwa mai tsami, asid ɗin malik, irin wanda ke cikin ɗanyen tuffa, ya adana shi a manyan jakunkunan ruwa da ke cikin ƙwayoyin ganyensa. Da gari ya waye sai ya kulle ƙofofi, ya warware asid ɗin, iskar ta fito a cikin ganyen da ke rufe, ya yi aiki da ita a hasken rana. Da wannan dabara asararsa ba ta wuce giram 50 zuwa 100 na ruwa a kan kowane giram na iskar. Masana suna taƙaita sunan wannan tsari da haruffa uku, CAM, kuma agabe ba shi kaɗai ke bin sa ba: abarba da alobera da moda duk haka suke.

An daɗe da lura da alamar wannan abu kafin a gane ma'anarsa. A 1804 masani Nicolas-Théodore de Saussure na Janeba ya lura da yadda wani tsiro mai ƙaya ke mu'amala da iska cikin duhu saɓanin sauran tsirrai. Bayan 'yan shekaru, Benjamin Heyne, wani likita kuma masanin tsirrai da ke aiki a Indiya, ya ba da labarin wani ganye mai kauri da ya ɗanɗana: da safe tsami, zuwa rana tsamin ya gushe. Harshensa ya auna abin da ɗakunan bincike suka yi fiye da shekara ɗari kafin su warware shi sarai.

Wannan tattali yana da farashi. Jakar ajiya tana da iyaka, don haka abin da agabe zai ci a yini bai wuce abin da ya tara a daren jiya ba. Shi ya sa girmansa ke da nawa, ƙananan ire-irensa ma ganye kaɗan suke ƙarawa a shekara. Mai tukunya da ya ga tsironsa bai motsa ba wata biyu, ya ɗauka yunwa ce ko ƙishirwa, ya dinga ɗura masa ruwa da taki, to ya kama hanyar kashe shi.

Akwai kuma wani abu da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Kama iskar dare ya fi tafiya daidai idan daren na da sanyi, kusan digiri 15. Dararen Disamba da Janairu a Kebbi suna kusa da haka, ga rana wadatacciya. Dararen Afrilu kuwa, waɗanda mutane ke kwana a tsakar gida saboda zafi, ba sa yi masa daɗi, aikinsa yakan ragu. Idan fari ya tsananta ma yakan rufe ƙofofinsa dare da rana, ya riƙa juya 'yar iskar da jikinsa ke fitarwa, ya zauna haka makonni ko watanni yana jiran ruwa. Ba mutuwa ya yi ba, lamo ya yi.

Saiwa, ƙasa da tukunya

Farfesa Park Nobel na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles ya shafe shekaru yana nazarin agaben hamada, ya kuma tattara sakamakon a littafinsa na 1988. Daga cikin abin da bincikensa ya nuna, saiwoyin agabe a saman ƙasa suke shimfiɗe, domin su tsotse ko da yayyafi ne kafin ya bushe. Idan ruwa ya sauka sai sababbin saiwoyi su tsiro da sauri, idan ƙasa ta bushe su mutu. Tsofaffin kuma sukan tsuke, su bar 'yar tazara tsakaninsu da ƙasa, yadda busasshiyar ƙasa ba za ta zuƙe ruwan jikin tsiron ba. Saiwa ce da aka gina don jiƙa ta ɗan lokaci da bushewa mai tsawo.

Abin da ba ta jurewa shi ne zama cikin ruwa. Saiwa ma tana numfashi, tana bukatar iskar oksijin da ke cikin ƙananan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike guraben, iskar ba ta isowa, domin tafiyarta a cikin ruwa ta fi ta cikin iska nawa da kusan ninki 10,000. Shinkafar fadama tana da hanyoyin iska a cikin jikinta da ke kai oksijin daga ganye zuwa saiwa, shi ya sa take zama cikin ruwa lafiya. Agabe ba a yi shi don haka ba. Kwanaki kaɗan cikin caɓi sun isa saiwoyinsa su shaƙe, daga nan ƙwayoyin cuta na ƙasa su samu ƙofa, ruɓa ta hau zuwa gindi. Abin takaici, tsiron da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya shan ruwa, sai ganyensa ya yamutse kamar mai jin ƙishirwa, mai shi kuwa ya ƙara ɗauko buta.

Saboda haka ƙasar da ta fi kyau a wurin mai lambu ita ce ta fi muni a wurin agabe. Baƙar lakar fadama ta bakin gulbin Zamfara, wadda ke riƙe ruwa kwana da kwanaki, ba ta dace da tukunyarsa ba. Abin da ake bukata shi ne haɗi mai sakin ruwa: kashi biyu na rairayin gulbi mai manyan ƙwayoyi, kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa ko marmara ko fasasshen jan bulo, da kashi ɗaya na ƙasar gona da aka gauraya da ɗan taki wanda ya ruɓe sarai. Rairayi mai laushi kamar gari ba ya amfani, domin toshe guraben iska yake yi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a jiƙa haɗin a dunƙule a hannu, idan aka buɗe hannu ya wargaje to ya yi, idan ya tsaya kamar curin fura to laka ta yi yawa.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, har a cikin tsofaffin littattafan lambu, ta shimfiɗa tsakuwa a ƙasan tukunya wai don ruwa ya wuce. Gaskiyar magana ba ta taimakawa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa, don haka shimfiɗar tana ɗago jiƙaƙƙen sashen ne zuwa kusa da saiwa. Tsakuwa a gauraye take aiki. A kan ramin tukunya ɗan katanga guda ya isa, don kada ƙasa ta zube.

Wajen tukunya kuwa, ta yumɓu wadda maginan gida ke yi ta fi ta roba nesa ba kusa ba, muddin an huda gindinta. Jikinta yana tsatsar da ruwa kamar yadda randa ke yi, sai ƙasar ta bushe da wuri kuma ta yi sanyi. Baƙar roba a ranar Afrilu dafa saiwa take yi, da damina kuma ta riƙe laima. Kada tukunyar ta fi tsiron faɗi da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙe take zama. A ɗora ta a kan bulo biyu don ruwa ya ɗiga kuma gara ta rasa hanya. Faranti mai tara ruwa a ƙarƙashinta kuwa laifinsa biyu ne, ruɓar saiwa da renon sauro.

Ban ruwa bisa kalandar Kebbi

Yawancin bayanan kula da agabe an rubuta su ne don Turai da Arewacin Amurka, inda babban abokin gaba shi ne sanyi mai ƙanƙara, shawarar kuma ita ce a daina ban ruwa da hunturu. A Jega ba a ƙanƙara. Lokacin haɗari a nan damina ce. Hamadar da Agave victoriae-reginae ya fito ba ta cika samun fiye da milimita 400 na ruwa a shekara ba, kuma a kan dutse yake zuba ya gangare. Wannan yanki na Kebbi yana samun kusan ninki biyu na haka a cikin wata huɗu ko biyar, watan Agusta shi kaɗai yakan kawo milimita 200 ko fiye, ga gajimare da laima da ke hana tukunya bushewa.

Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba, wurin tukunyar shi ne ƙarƙashin rufi mai haske, nesa da indararo da bakin kwano. A wannan lokaci ban ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar, wani lokaci ma feshin da iska ke kawowa ya isa. Da kaka da hunturu, ƙaramar tukunyar yumɓu za ta so ruwa kusan duk kwana goma. Da bazara kuwa kusan duk mako. Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai, ƙasar ita ce alƙali. A soka tsinke har ƙasan tukunya, a bar shi ɗan lokaci, a zare: idan ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a dakata. Idan lokacin ya yi kuma, a ba shi sosai har ruwa ya fito ta ramin ƙasa. 'Yar tsiyaya kullum ita ce mafi muni, tana jiƙa wuyan tsiron ba ta kai ga saiwa ba. A zuba a kan ƙasa, kada a zuba a tsakiyar ganye, kuma da bazara a bari sai rana ta yi sanyi.

Manoman albasa suna da wannan ilmi a aikace. Sun san cewa ana janye ban ruwa idan albasa ta ƙosa, kafin a cire, kuma wadda aka cika wa ruwa da takin zamani ba ta daɗewa a ajiya. Haka agabe yake: taki mai yawa, musamman yuriya, yana ba shi ganye mai taushi da ruɓa ke saurin kamawa. 'Yan ƙwayoyin NPK sau ɗaya a shekara, bayan damina, sun isa. Ruwan wanke-wanke mai sabulu bai dace ba. Idan kuma ruwan rijiyar burtsatse ya fara barin farin gishiri a bakin tukunya, sai a wanke ƙasar da ruwan sama da aka tara.

Idan ruɓa ta riga ta fara, ba a rasa dabara muddin tsakiyar na da ƙarfi. A zare tsiron daga tukunya, a kakkaɓe ƙasar, a yanke duk saiwa da ganyen da suka yi baƙi da wuƙa mai tsabta har sai an kai farin nama, a ajiye shi a inuwa mai iska na mako guda raunin ya bushe, kamar yadda ake barin wuyan albasa ya bushe kafin a adana ta. Sannan a dasa shi a busasshiyar sabuwar ƙasa, kada a ba shi ruwa sai bayan wani makon.

Haske

Ana kiran agabe tsiron cikin gida, amma cikin gida ba cikin ɗaki ba ne. Ɗakin da ke da ƙaramar taga, ga labule, ba shi da hasken da zai ishe shi. A can ganyensa zai yi tsawo ya yi fari-fari, dunƙulen ya buɗe ya karkata wajen taga, kuma surar da ta lalace ba ta komawa. Baranda ko gefen tsakar gida su ne wurinsa.

Littattafan Turai sukan ce a ajiye shi a tagar kudu. Wannan ma sai an tace. Jega da Aliero da Maiyama suna kusa da digiri 12 a arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta. A tsakanin waɗannan ranaku ta ɓangaren arewa take bi, tagar kudu ba ta samun ta. Ɓangaren gabas ya fi tabbas: hasken safe duk shekara, da inuwa a lokacin da rana ta fi ƙuna. Tsiron da ya saba da inuwar masu dashe, idan aka fito da shi rana tsaka rana ɗaya, ganyensa zai ƙone ya yi fararen tabo da ba sa warkewa. A riƙa ƙara masa rana sannu a hankali har mako biyu. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan ganye tana tare haske, a share ta da busasshen buroshi mai laushi. A nan ne kuma ake duba matsatsin ganye, inda wasu fararen ƙwari masu kama da auduga ke ɓuya suna tsotsar ruwa. Ana goge su da auduga da aka jiƙa da sifirit.

Fure sau ɗaya

Mai neman irin albasa yakan sake dasa ƙwayar, ta fitar da dogon kara mai fure, kuma kafin iri ya nuna ƙwayar ta tsotse ta ƙare. Agabe ma haka yake, sai dai nasa jiran na shekaru ne. Turawa suna yi wa Agave americana laƙabi da tsiron ƙarni, amma wannan zuguguwa ce, shekara 10 zuwa 30 yake yi. Duk tsawon lokacin yana tara sukari a gindinsa. Ran da ya tashi sai wani kara ya ɓullo daga tsakiya, yana ƙaruwa da santimitoci da dama a kowace rana, har ya kai mita 8 a manyan ire-ire, ko kusan mita 4 a wurin ƙaramin Agave victoriae-reginae. Bayan fure da iri sai uwar ta bushe. A tukunya abin yakan ƙara jinkiri, mai shi ma yana iya ƙare zamansa da tsiron bai gani ba.

Yawancin ire-irensa ba sa tafiya ba magaji, suna fitar da 'ya'ya a gindi. Ana raba ɗan da uwa idan ya kai kusan girman tafin hannu, a bar yankan ya bushe kwana uku zuwa bakwai a inuwa, sannan a dasa. Bayan damina ne lokacin da ya fi dacewa. Wasu kuma a kan karan furen suke fitar da ɗaruruwan 'yan tsirrai da ke faɗowa ƙasa su kama. Da irin waɗannan ne agabe ya kafa babbar sana'a a Gabashin Afirka. A 1893 wani Bajamushe masanin aikin gona, Richard Hindorf, ya sa aka yi masa safarar 'yan tsirran Agave sisalana 1,000 daga Fulorida. Guda 62 kaɗai suka iso da rai, aka dasa su kusa da Pangani a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau. Daga gare su aka samu gonakin zaren sisal da a 1964 suka ba da fiye da tan 200,000, kafin igiyar roba ta karya kasuwar, Burazil kuma ta karɓi gaba.

Gwaji a makaranta

Malamin kimiyya da ke da tukunyar agabe ko alobera ko moda yana da kayan gwaji biyu a hannu. Na farko ba ya bukatar ɗakin gwaji. Da hantsi a ɗaure farar leda a kan reshen tumatir ko wake, a ɗaure wata a kan ganyen agabe, dukansu an ba su ruwa jiya. Zuwa azahar ledar tumatir za ta yi gumi, ta agabe kuwa kusan a bushe. Ɗalibai su auna faɗin ganyen da ke cikin kowace leda, domin kwatancin ya yi adalci.

Na biyu shi ne maimaita abin da Heyne ya gano, amma ba da harshe ba, saboda lu'ulu'un nan masu tsini. A sa safar hannu, a yanko giram 5 na ganye da ƙarfe 6 na safe, a daka shi da mililita 20 na tataccen ruwa, a tace, a ɗiga masa finolftalin. Sannan a riƙa ɗiga ruwan sodiyam haidroksaid mai rauni ana ƙidaya, har launin ya koma ruwan hoda, kamar yadda 'yan ajin ƙarshe ke yi a shirin jarrabawar WAEC da NECO. A sake yin haka da ƙarfe 5 na yamma da ganye daga tsiro ɗaya, nauyi ɗaya. Samfurin safe zai ci ɗigo da yawa fiye da na yamma, kuma bambancin shi ne ma'aunin iskar da tsiron ya tara a daren. Ajin da ya rubuta sakamakonsa a Janairu ya sake gwadawa a Afrilu zai iya ganin tasirin zafin dare da idonsa, idan kuma aka hana wata tukunyar ruwa na wata biyu, tazarar da ke tsakanin safe da yamma a cikinta za ta ragu ƙwarai.